Gida na Ashirin

Bibi Gulnisa ta ƙauyen Sarbidak ba ta taɓa ɗaukar gwamnati da muhimmanci ba, ita ma gwamnatin ba ta san da zamanta ba. Takardar haihuwar da ke ƙasan akwatinta ta yayarta ce, Khawar, wadda ƙyanda ta ɗauke tun tana goye. Da aka haifi Gulnisa, mahaifinsu ya duba nisan birni, ya duba ƙafar jakinsa, ya ce ai ga takarda nan a ajiye babu mai ita. Haka ta shekara saba'in da ɗoriya tana amsa sunan matacciya a asibiti da wurin zaɓe. In an tsokane ta da zancen sai ta ce, "Ku ƙyale su. Ranar da suka zo neman Khawar, ni ina bakin tanderu ina gasa gurasata."

Abin da ta ɗauka da muhimmanci a duniya shi ne sufra, ƙyallen nan da muke shimfiɗawa a ƙasa mu kewaye shi mu ci, in an gama a naɗe ragowar gurasa a ciki. Tata a da doguwa ce, daga bakin ƙofa har kusa da taga: ga mijinta Safar, ga surukarta, ga 'ya'ya biyar, ga duk wanda azahar ta riska a gidan. Gulnisa ba ta iya karatu ba, ba ta taɓa zuwa ko'ina da nisa ba, amma ta san yadda ake yanka albasa ɗaya ta isa mutum goma, kuma ta san wanda ransa ya ɓaci daga yadda ya yagi gurasa. Sai ruwan kariz, magudanar da kakanni suka haƙa a ƙarƙashin dutse, ya fara ja da baya. Gonakin za'afaran suka rage, samari suka bi mota. 'Ya'yanta suka watsu Mashhad da Birjand, surukar ta rasu, Safar ya bi ta. Sufrar ta koma ana ninka ta biyu, daga baya huɗu. A ƙarshe Gulnisa ta daina shimfiɗa ta, ta koma cin abinci a tsaye a bakin tanderu, don ta ce zama a gaban sufra kai kaɗai ciwo ne.

Alhali yayanta na nan, katanga ɗaya ce tsakaninsu, katangar ma ba ta wuce kafaɗa ba. Mash Barat ya je ziyara Mashhad sau ɗaya yana saurayi aka liƙa masa Mash, amma ziyarar ba ta rage masa ko ƙwayar taurin kai ba. Fiye da shekara talatin bai taka gidan ƙanwarsa ba. Mafarin abin kuwa, in ka ji, sai ka rasa dariya za ka yi ko kuka. Kwanaki kaɗan bayan rasuwar mahaifinsu, ranar da ruwa zai koma gonar Barat, Safar ya makara wajen toshe tasa magudanar. Barat ya ce da gangan ne, Safar ya ce barci ne ya ɗauke shi. Ranar sadakar arba'in, a gidan Gulnisa, ana tsakiyar ci, wani marar ta-ido ya yi barkwanci a kan masu nauyin barci. Safar ya yi dariya. Barat ya ajiye lomar da ke hannunsa, ya miƙe, ya nuna ƙasa da yatsa, ya rantse da kabarin ubansa da bai gama bushewa ba cewa ba zai ƙara zama a wannan sufra ba.

Ya kuwa riƙe. Da Safar ya rasu, Barat ya ɗauki makara har maƙabarta, ya zuba ƙasa, amma da aka dawo cin abinci ya shige gidansa. Mutanen ƙauye suna yaba masa wai mutum ne mai magana ɗaya. Ni dai ban taɓa ganin abin yabo a wurin ba.

Sai duniya ta juyo kansa. Matarsa Mahrukh ta rasu, ba a shekara ba ɓarin jikinsa na dama ya shanye yana cikin gona. 'Ya'yansa masu aikin gini a Tehran suka zo suka tafi da shi, ya yi wata guda a ɗakin bene yana kallon bango, wata rana sai ga shi ya sauko daga motar haya shi kaɗai da sandarsa. Gulnisa tana leƙensa ta katanga, tana ganin yadda yake danne busasshiyar gurasa da gwiwa yana yaga da hannun hagu. Ta ɗora masa romo a kan katanga. Ya bar shi nan har maguna suka shanye. Ta ƙara ɗorawa, maguna suka ƙara ƙiba.

Wata rana da hantsi ta tsaya a bakin katangar, hannu a ƙugu.

"Yaya, wai kai da wace sufra ka yi rantsuwa?"

Bai ɗago ba.

"Ai nunawa ka yi da yatsa, kowa ya gani. Cewa ka yi wannan. To wannan ɗin ɓeraye sun gama da ita tun tuni. Ga sabuwa na saya wurin mai motar talla, ta leda ce, da zanen furanni. Ko ubanmu bai san ta ba, balle kabarinsa."

Barat ya dubi ƙafarsa. "Ke tun kina yarinya bakinki ya fi ki girma," in ji shi, harshensa na karkacewa.

"Ya fi. Da azahar nake saukewa."

Ranar bai zo ba. Washegari ta ji ƙarar sanda a ƙofa. Ya shigo, ya zauna, ya ɗanɗana romon, ya ce gishiri ya yi yawa. Ta juya baya kamar tana neman cokali, ta share ido da bakin mayafi.

Shekara uku suka yi a haka. Da farko yana komawa gidansa ya kwana, da hunturu ya tsananta ta sa aka ɗauko shimfiɗarsa zuwa ɗakin da 'ya'yanta maza suka tashi a ciki. Tana daka masa nama har ya yi laushi, tana yayyaga masa gurasa a romo kafin ya zauna, don kada ya ga an yi masa. Yana ƙorafin gishiri, tana ce masa harshensa ne ya tsufa. Ba su taɓa ambaton Safar ba, ba su taɓa ambaton ruwa ba. Ba ta faɗa wa kowa, amma a duk tsufanta ba ta yi shekarun da suka kai waɗannan daɗi ba, kuma abu ɗaya take roƙon Allah: kada wani abu ya sake tayar da shi daga gabanta kafin ɗayansu ya mutu.

Da kakar shekarar ƙidaya, lokacin da kowace tsakar gida ta yi ja da zirishk, 'ya'yan itacen nan masu tsami da ake shanyawa, Hojjat ya shigo. Shi ne dehyar, mai riƙe da hatimin ƙauye da babur ɗin majalisa, ɗan maƙwabciyar Gulnisa ne, a gabanta ya koyi tafiya. Ya iske ta tana tsince ƙaya daga 'ya'yan zirishk, ya tsuguna ya kama taya ta, abin da bai taɓa yi ba. Nan ta san akwai magana.

"Bibi, mun koma sha tara."

"Sha tara me?"

"Gidaje. Su Kal Ramazan sun kwashe zuwa Birjand. An tara mu a gunduma, an ce masu ƙidaya na tafe. Su kuma ba ƙofa suke ƙirgawa ba, sufra suke ƙirgawa. Duk waɗanda ke ci tare gida ɗaya ne, ko ƙofofinsu goma."

"To ashe sun fi ka hankali."

"Bibi, ki saurara mana. Ƙauyen da bai kai gida ashirin ba, majalisarsa ba ta da ƙafar tsayawa. Hatimin nan Payinde zai koma. Tankar ruwa da rani, motar ture ƙanƙara da hunturu, ma'aikaciyar lafiya, duk sai mun je mun durƙusa wa mutanen Payinde."

Ta ajiye faifan. Payinde ƙauye ne da ke ƙasanmu, sun fi mu yawa, sun fi mu kusa da kwalta, kuma tun kakanni ba a taɓa jin mutumin Sarbidak ya faɗi alherinsu ba sai a wurin jana'iza.

"Mutanen Payinde? Waɗanda ko sallama sai sun auna kafin su amsa?"

"Su fa. Na ƙirga ta sama, na ƙirga ta ƙasa, gida ɗaya ya rage, kuma yana cikin gidanki. Mash Barat na da ƙofarsa, yana da ɗakinsa. Yini ɗaya kawai, Bibi. Ya koma can, a hura wuta, a ga hayaƙi. In an tambaye ki, ki ce ke kaɗai kike ci."

Ko haka dokar take daidai, ko haka Hojjat ya fahimce ta a taron, Allah masani. Gulnisa dai dariya ta yi har tsinken ƙaya ya soke ta.

"Ni da nake yawo da sunan matacciya tun ina zanen goyo, ƙaryar yini ɗaya ce za ta gagare ni? Je ka gaya masa. Ka ɗaga murya, kunnen dama ya mutu."

Hojjat ya je ya durƙusa gaban tsohon a inda yake shan rana, ya yi ta bayani da ƙarfi: gunduma, hatimi, tanka, Payinde. Barat ya saurara har ƙarshe.

"Ita ta ce?"

"Ta amince, Mash Barat. Ko gardama ba ta yi ba."

Barat ya juya ya dubi ƙanwarsa. Tana can tana tsotson yatsa, tana dariyar mutanen Payinde ita kaɗai. Ya gyaɗa kai.

Ranar da masu ƙidaya za su zo, tun da sassafe mata suka cika gidan Barat. Aka share yanar gizo, aka kakkaɓe dardumar, aka goge samawar, tukunyar dafa ruwan shayi ta marigayiya Mahrukh, har ta koma ƙyalli, aka ɗora shayi. Matar Hojjat ta kawo tukunyar gas. Aka ɗauko shimfiɗar tsohon aka jingine a kusurwa. Gulnisa ta fito daga tanderu fuska duk zufa, ta leƙa, ta ce wannan ɗakin ko makaho ya shigo zai san ba a cin abinci a ciki. Ta koma da sauri ta buɗe akwati, ta zaro wata sufrar ulu sabuwa da ta saƙa da daɗewa ba ta samu wanda za ta ba ba, ta naɗe gurasa mai zafi a ciki, ta haɗa da ƙaramar tukunya da ƙullin gishiri. Ta iske Barat tsaye a bakin ƙofarsa, ta danƙa masa a hannun hagu.

"Ungo, riƙe. Ga sufrarka, ga tukunyarka, ga gishirinka."

Matan suka tsaya da shara. Ita ba ta lura ba, ta riga ta juya tana ihun gurasarta na ƙonewa.

A wajenmu rana ɗaya ce ake miƙa wa mutum waɗannan abubuwa uku a bakin ƙofa, a gaban mata: ranar da uwa ta raba wa ɗanta mai aure sufra, daga yau ya ci da kansa. Gulnisa da hannunta ta yi wa 'ya'yanta maza uku haka, da waɗannan kalmomin, kuma kowane karo sai da ta yi kuka. Hannunta ne ya tuna, kanta na wurin tanderu. Barat ya tsaya riƙe da ƙullin har matan suka watse.

Mai ƙidayar ta iso da hantsi, wata malamar makaranta daga birni da ake kira Khanum Rastegar, da rigar aiki a kan mayafinta da na'ura a hannu. Hojjat na biye da ita, gashin bakinsa har rawa yake. Suka zauna a tsakar gidan Gulnisa, a gindin katanga inda rana ke sauka. Aka tambayi suna, ta ce Khawar ba tare da ƙiftawa ba. Aka tambayi ɗakuna, aka tambayi wuta da ruwa, aka tambayi 'ya'ya.

"Mutum nawa ke zama a sufrarki, Bibi?"

"Ni kaɗai, 'yata. Ni da Allah."

Malamar ta rubuta. Sai ta ɗaga kai, ta hango tsoho ta saman katanga zaune a dakalin ƙofarsa, hannu ɗaya kwance a cinya.

"An ce mini wancan yayanki ne. Ga shi ba lafiya, ba mata. Ba ke kike ciyar da shi ba?"

Tausayi ne ya sa ta tambaya, ba bincike ba, amma Hojjat ya yi tari, ya zare wa Gulnisa ido. Ta ga hatimi na tafiya Payinde a kan babur. Ta laluba abin da za ta faɗa wanda ba mai ƙaryatawa, hannunta ya faɗa kan abin da ya fi kusa, tsohuwar gaskiya.

"Wa? Wancan? Tambayi duk ƙauyen nan. Da kabarin ubanmu ya rantse ba zai zauna a sufrata ba, ni kuma ban roƙe shi ba. Kowa da tukunyarsa, kowa da gishirinsa. Mutum sai ƙorafi, sai baƙin rai. Ai ni na huta, 'yata. Wallahi na huta."

Ta taka rawar da kyau, har malamar ta girgiza kai ta ce Allah ya daidaita. Abin da Gulnisa ta manta shi ne shekara uku tana hira da mai nauyin kunne, muryarta ta saba da ƙarfi, kuma kunnen Barat na hagu, mai lafiyar, shi ke fuskantar katanga.

Da aka zagaya wurinsa, Hojjat ya shirya zai fassara, don baƙo ba ya gane maganar tsohon. Bai samu aiki ba. Aka tambayi Barat mutum nawa ke ci a gidan, ya ce, "Ni kaɗai," tangaram, babu karkacewar harshe ko kaɗan.

Kafin la'asar motar masu ƙidaya ta gangara. Hojjat ya zagaya ƙauye yana danna odar babur. Gulnisa ta ɗora romon nama da wake, wanda Barat ya fi so, ta daka naman, ta shimfiɗa ledar mai furanni, ta ajiye kwano biyu. Rana ta kusa faɗuwa ta leƙa katanga.

"Yaya! An sauke. Wasan ya ƙare."

Bai fito ba. Ta sake kira. Ta zura takalmi ta zagaya ta ƙofa. Ta iske shi ya shimfiɗa sufrar ulun, kusurwa ɗaya a karkace don hannu ɗaya ne ya ja ta, ga gurasa ga shayi.

"Me ke nan? Tashi mu je, romo na hucewa."

"Na ci."

"Ka ci me? Gurasa da ruwan zafi? Sun tafi fa, Yaya. An samu ashirin."

"Madalla."

"Ai ka san wasa ne. Hojjat ya gaya maka."

"Ya gaya mini."

"To?"

Ya ɗauki kofin shayin, hannun na rawa, ya kurɓa ya ajiye. "Ba ki yi tuntuɓe ba wajen faɗa," in ji shi. "Ko sau ɗaya."

Sai a lokacin ta tuna tsayin katangar. Ta hau rantsuwa, ta ce tsoro ne, ta ce yaron nan ne ya zare mata ido, ta ce shi ma ya san bakinta ya fi ta girma. Ta sunkuya za ta naɗe sufrar ulun ta tafi da ita, ya dafe ta da hannun hagu, da ƙarfin da ba ta san ya rage masa ba.

"Abin da aka ba mutum a bakin ƙofa, a gaban mata, ba a karɓewa."

Ta dubi sufrar, ta dubi tukunyar, ta dubi ƙullin gishirin a gefen samawar. Ta gane abin da hannunta ya yi. Ta fita, romon ya kwana a tukunya.

Washegari ta ɗora masa kwano a katanga tana jiran maguna. Ba su samu ba, ya ɗauka. Zuciyarta ta ɗan kwanta. Da yamma ta ga kwanon ya dawo a wanke, da busasshiyar magarya tafi guda a ciki. Ta tsaya riƙe da shi. Maƙwabci ne ba ya mayar da kwano wayam. Ɗan gida lashewa yake ya ture, ya ce gishiri ya yi yawa. Kashegari kwanon ya dawo da ruman ɗaya, bayan nan da magarya kuma. Bai ƙara cewa komai game da gishiri ba, kullum sai dai, "An gode, Allah ya ƙara buɗi," ta saman katanga.

Hojjat ya je ba da haƙuri, ya ce laifinsa ne. Barat ya ba shi shayi, ya ce, "Ba ka samu ashirin ɗinka ba? To riƙe shi da kyau." Hojjat ya fito ya biyo wurin Gulnisa, ta kore shi da muciyar tanderu, ta bi shi da zagi har ƙofa, shi da hatiminsa da gundumarsa da duk wanda ya fara ƙirga mutane a duniya. Da ya tafi ta zauna ta ga ba ta huce ba, don ta san ba Hojjat ne ya sa mata "na huta" a baki ba. Abin da ya fi cin ta shi ne ta bincika ranta, ta tarar akwai ranakun da ta gaji da gaske, da wankin shimfiɗarsa, da ƙorafinsa, da shekara talatin ɗin da bai taɓa ba ta haƙuri a kansu ba. Kaɗan ne, amma akwai, kuma shi ya ji su a muryarta.

Aka gama za'afaran, aka kwashe zirishk. Ƙanƙarar farko ta sauka, kwana biyu sai ga motar turewa ta hauro har dandali, mutane suka fito suna sa wa Hojjat albarka. Gulnisa ba ta fita ba. Tana leƙen katanga. Ta ga rigar Barat ta fara yi masa yawa, ta ga yana daɗewa kafin ya iya miƙewa daga dakali, wata safiya kuma hayaƙinsa bai tashi ba sai da rana ta yi tsaka. Ta san shi, ta san jinin gidansu. Wanda ya riƙe magana shekara talatin yana da ƙarfi zai riƙe wannan har kabari, kabarin kuma ba nisa. Roƙo ba zai kawo shi ba, dabarar sabuwar leda kuma sau ɗaya take ci.

Wata Juma'a da azahar ba ta ɗora tukunya ba. Ta yafa mayafinta mai kyau, ta ja ƙofar gidanta ta sa sakata, ta taka ƙanƙara zuwa ƙofarsa hannu wayam. Ta yi sallama ta tsaya a bakin ɗaki. Yana zaune gaban sufrar ulun, gurasa ta bushe, ga ɗan cuku, samawar na huci.

Ya ɗago ya dube ta. Ta ci gaba da tsayuwa. Duk taurin kan mutum, a ƙasar nan ba ya kai loma baki da wani tsaye a kansa bai yi tayi ba. Ta ga yana kokawa da abin, haɓarsa na motsi.

"Bismillah," in ji shi can ƙasa.

Tayin farko ba a karɓarsa. Mai kunya sai ya ce ya ƙoshi, a sake yi masa, ya sake ƙi, sai a na uku ya zauna, mai tayin kuwa in ba da gaske yake ba daga na farkon yake yin shiru. Barat ya riga ya mayar da kai kan gurasarsa. Sai ya ji ƙarar takalmi ana tuɓewa.

"Na gode, yunwa nake ji," in ji Gulnisa.

Da ya ga da gaske shigowa take, sai ya nuna mata can ƙuryar ɗaki da sandarsa, wurin matashin jingina, inda ake zaunar da baƙi.

"Hau can."

Ba ta ko kalli wurin ba. Ta zauna nan bakin ƙofa inda iska ke shigowa, kusa da samawar, wurin da Mahrukh ta zauna shekara arba'in. Ta gyara kusurwar sufrar da ta karkace, ta jawo butar shayi.

"Baƙuwa ba ta zuba shayi a gidan mutane," in ji shi.

"To hana ni."

"Kina da gidanki."

"Na sa masa sakata. Sufra ɗaya ce ta rage a layin nan da ake zama, kuma taka ce. In za ka kore ni, Yaya, ka faɗa da bakinka, da ƙarfi, don ni ma kunnena ya fara nauyi."

Ta riƙe butar a sama, ba ta zuba ba, ba ta ajiye ba. Kofinsa na gabansa, ya dafe bakinsa da tafin hagu. Ruwan samawar na ta tafasa.

Sun daɗe a haka. Sannan ya ɗauke tafinsa, ya sa bayan yatsu ya turo kofin a hankali ta kan ulun, yana sarƙewa yana turawa, har ya iso gabanta.

"Kada ki cika," in ji shi. "Zubewa yake a hannuna."